Iskar da ke cin jikin kumbo a sararin samaniya

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar sama nake so mu yi, amma ba ta roka da wutar da take fesowa lokacin tashi ba, wannan kam kowa ya sha gani a bidiyo. Maganar fenti ce da leda da gam, wato kayan da ake lulluɓe kumbo da tauraron ɗan'adam da su, da abin da ke samun kayan nan bayan an kai su can an baro su shekara da shekaru.

Da yawanmu mun ɗauka da zarar ka wuce gajimare ka wuce inda jiragen sama ke bi to shikenan babu komai, wuri fayau, abin da ka ajiye haka za ka dawo ka tarar da shi tunda ba ruwan sama ba danshi. To abin ba haka yake ba. A tsayin da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take, wajen kilomita 400 daga doron ƙasa, akwai sauran iska, 'yar mitsitsiya ce ƙwarai, mutum ba zai iya numfashi da ita ba ko kaɗan, amma ita ɗin ce take cin jikin kumbo a hankali dare da rana.

Ga yadda abin yake. Oksijin ɗin da muke shaƙa a nan ƙasa ƙwayoyin zarra biyu ne manne da juna, bibbiyu suke tafiya. A can sama hasken rana mai ƙarfi, nau'in ultrabayolet ɗin nan da ido ba ya gani, yana raba su, kowace ƙwaya ta kama gabanta. Da a nan ƙasa ne nan take za ta samu wata ta sake mannewa saboda cunkoson iska, amma a can iskar ta yi ƙaranci, sai ƙwaya ta yi tafiya mai nisa ba ta gamu da 'yar uwarta ba. Shi ya sa daga wajen kilomita 200 zuwa 600 wannan oksijin tilo shi ya fi komai yawa a cikin ɗan abin da ya rage na iska. Kuma oksijin in yana shi kaɗai ba ya zama lafiya, duk abin da ya taɓa so yake ya haɗe da shi.

Sai ka ƙara da gudu. Kumbon da ke kewaya duniya a wannan tsayin yana cin kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa ɗaya, wato fiye da kilomita 27,000 a awa. Ke nan kumbon ne da kansa yake afka wa ƙwayoyin da gabansa, kuma ƙarfin karon ya isa ya tsinka haɗin da ke riƙe da roba da leda da duk wani abu da aka gina da kabon, wato sinadarin nan da ke cikin gawayi. Oksijin ya kama kabon ɗin, su zama iska su tashi. Ba za ka ga lotsawa ba, ba za ka ji ƙara ba, kawai kayan ne ke raguwa ƙwaya bayan ƙwaya har wata rana a duba a ga babu shi.

Kuma ba kowane abu yake ci iri ɗaya ba. Alminiyam da zarar oksijin ya taɓa shi sai ya yi wata 'yar fata siririya mai tauri a samansa ta tare sauran, shikenan ya tsira. Zinare ba ruwansa. Azurfa kuwa tana shan wahala, samanta ya yi baƙi ya ɓare ya faɗi, sabon wuri ya buɗe a sake ci, ga shi da ita aka saba haɗa ƙwayoyin faifan sola saboda tana ɗaukar wuta da kyau. Akwai wani ƙarfe osmiyam da ake shafawa a madubin wasu na'urori, shi ma zama iska yake yi ya ɓace gaba ɗaya. Amma babban abin damuwa shi ne ledar nan mai ruwan zinare da kuke gani an naɗe taurarin ɗan'adam da ita a hoto. Mutane na ɗauka zinare ne, alhali yawanci wata leda ce mai suna Kapton, ruwan zuma gare ta, aka shafa mata alminiyam ta baya. Tana jure zafi tana jure sanyi ga rashin nauyi, injiniyoyi na ji da ita, sai dai oksijin tilo yana cinta sosai.

An fara farga da matsalar ne a farkon shekarun 1980 lokacin da Amurka ta fara tashin kumbon Space Shuttle, domin shi yana zuwa ya dawo, ana iya duba jikinsa da ido. Sai aka ga Kapton ɗin da aka rufe kyamarori da shi, wanda ya tafi yana ƙyalli, ya dawo ya dushe bayan 'yan kwanaki kacal. A tafiya ta uku a watan Maris na 1982 'yan sama jannati suka ɗauki hoton wani haske ruwan lemo yana lulluɓe wutsiyar kumbon a cikin duhu, ta ɓangaren da ke fuskantar gaba. Daga baya aka gano aikin oksijin tilo ne da yake haɗuwa da wasu sinadarai a kan jikin kumbon.

Labarin da ya fi tsaya min a rai a duk wannan fannin shi ne na LDEF. Wani ƙaton ganga ne mai gefe 12, tsawonsa kusan mita 9, nauyinsa ya kusa tan 10, ba inji ba matuƙi. Hukumar NASA ta jera masa tire-tire a jiki ɗauke da gwaje-gwaje 57, fenti kala-kala, ledoji, ƙarafa, gilasai, faifan sola, har da irin tumatir miliyan 12.5 da aka raba wa 'yan makaranta daga baya su shuka. Kumbon Challenger ya kai shi ya saki a watan Afrilu na 1984 da niyyar a dawo a ɗauke shi cikin kamar shekara guda. Aka yi ta ɗage tafiyar, sai ga hatsarin Challenger a Janairun 1986 wanda ya kashe mutum bakwai, aka dakatar da tashi gaba ɗaya. Haka gangan nan ya yi ta zagaye shi kaɗai har wata 69, ya kewaya duniya sau 32,422, yana ta sakkowa ƙasa a hankali, saura ƙiris ya faɗo ya ƙone kumbon Columbia ya cafko shi a Janairun 1990.

Abin da ya sa LDEF ya zama taska shi ne yadda aka tsara shi, gefe ɗaya kullum shi ke gaba yana shan karo, gefen da ke kishiyarsa kullum yana baya a ɓoye. Ke nan abu ɗaya ka saka gaba ka saka baya, ka dawo ka kwatanta. Ledojin da ke gaba wasu an tarar sun yayyage suna reto, wasu babu su sam sai gurbinsu. In ka yi lissafi da yawan oksijin ɗin da gefen gaba ya sha, ya isa ya cinye Kapton mai kaurin kusan rubu'in milimita, alhali irin wanda ake rufi da shi sau da yawa bai kai rabin haka ba. Wanda ya rage kuma in ka saka shi a madubin ƙara girma sai ka ga samansa ya zama wasu ƙananan tsinaye cunkus, dukkansu sun miƙe sun fuskanci inda kumbon ya dosa, shi ya sa ƙyallin ya tafi. Akwai wani farin fenti da aka shafa a wurare da yawa a jikin gangan. Na baya hasken ultrabayolet ya gasa shi ya koma ruwan ƙasa. Na gaba yana nan fari tas, ka ce lafiyarsa ƙalau, amma oksijin ya riga ya cinye gam ɗin da ke riƙe da fentin, abin da ya rage farin gari ne kawai a zaune wanda ko yatsa ka goga zai biyo ka. Ni wannan misalin ya ishe ni hujja cewa a wannan aikin ba a yarda da ganin ido daga nesa, dole sai an dawo da kayan an taɓa an auna.

Wani abu kuma, kusan rabin duk oksijin ɗin da LDEF ya sha a wata shida na ƙarshe ya sha shi. Dalili biyu ne, ya sakko ƙasa inda iskar ta fi kauri, sannan rana tana kan ganiyar zafinta. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, ta lafa ta taso, in ta taso sai saman iskar duniya ya ɗumama ya kumbura ya hau sama, tauraron da ke zaune lafiya a wani tsayi sai ya tsinci kansa cikin oksijin ninkin ba ninkin.

To wannan na waje ke nan. Akwai kuma dattin da kumbo yake jawo wa kansa da kansa, kuma wallahi a wasu ayyukan shi ya fi ɓarna.

Kun san ƙamshin sabuwar mota, da wannan ɗan hazon mai maiƙo da yake taruwa a gilashin gaba ta ciki in ta sha rana an rufe tagogi? Robobin cikin motar ne da gam ɗinsu suke fitar da tururi yana sauka a gilashi. Haka yake faruwa a sama, sai dai can ya fi muni domin babu matsin iska da zai danne, duk wani danshi da mai da sinadarin da ya maƙale a cikin gam, fenti, rigar waya ko salatif sai ya yi ta fitowa. In ya fito kuma wuri mai sanyi yake nema ya zauna, kuma wuraren da suka fi sanyi a kumbo su ne waɗanda aka fi buƙatar tsabtarsu, madubin hangen nesa, idon kyamara, da farantan da ke fitar da zafi. Ƙara da hayaƙin ƙananan injinan da ke juya kumbo, shi ma yana dawowa ya sauka a jiki.

Inda abin ya fi ban takaici shi ne in matsalolin biyu suka haɗu. Ɗauki silikon, gam ɗin nan mai laushi da ake like abubuwa da shi. Tururinsa in ya sauka a wani wuri, da shi kaɗai ne wataƙila in wurin ya yi zafi ya sake tashi. Amma sai oksijin tilo ya zo ya cinye kabon ɗin da ke cikinsa ya bar silika, wato dangin gilashi, ya daskare a wurin ba ya ƙara motsi, ya kuma danne sauran datti a ƙarƙashinsa, hasken rana ya gasa su su yi duhu. A jikin LDEF an ga wannan tabon ruwan ƙasa a wurare da dama musamman kusa da kafofin da tururi ke fitowa daga ciki, har masu binciken suna kiransa tabon taba sigari saboda kalarsa. Faifan solar da aka ciro daga tashar Mir ta Rasha aka dawo da shi a 1998, bayan ya yi fiye da shekara goma a waje, shi ma an tarar da silika ta yi masa kauri.

Wani zai ce to don fenti ya canza kala sai me, ai ba kwalliya aka je yi ba. Maganar zafi ce. A sama babu iskar da za ta kaɗa ta sanyaya na'ura, hanya ɗaya ce kumbo ke rabuwa da zafinsa, ya fitar da shi a matsayin haske ta fatar jikinsa, ya kuma mayar da hasken rana baya kada ya shiga. Ga shi duk minti 90 yana zagaye duniya, ya shiga rana jikinsa ya haura digiri 100, ya shiga inuwa ya faɗi ƙasa da sifili da nisa, sau 16 a yini. Farin fenti da ledar nan su ne suke daidaita komai. In farin ya yi duhu sai ya fara shan zafin rana fiye da lissafin da aka yi masa, batir ya ɗumama, na'urori su fara gajiya kafin lokacinsu. Gilashin da ke kan faifan sola in ya yi dusu-dusu wuta ta ragu. Tauraron da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa sai ya tsufa da wuri saboda wani gam da ba a tantance ba.

Ko inda babu oksijin tilo wannan dattin yana bin kumbo. Na'urar hangen nesa ta Euclid ta hukumar sararin samaniyar Turai, da aka harba ranar 1 ga Yulin 2023, tana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Bayan wasu watanni masu kula da ita suka lura hasken taurarin da take gani yana raguwa. Ashe danshin da kayanta suka tsotsa daga iska tun ana haɗa ta a ƙasa ne yake fitowa yana daskarewa a kan madubai, ƙanƙara siririya da ido ba zai taɓa gani ba. A watan Maris na 2024 suka kunna hita suka ɗan ɗumama madubi ɗaya, nan take hasken da ke shiga ya ƙaru da kashi 15 cikin 100.

Shi ya sa in kun ga hoton ma'aikata sanye da fararen kaya da safar hannu da takunkumi suna haɗa tauraro, ku san ba burga ba ce, maiƙon yatsa ɗaya a kan madubi matsala ne. Kuma kafin a yarda wani gam ko fenti ya hau kumbo akwai jarrabawar da yake ci. A saka ɗan guntunsa a tukunyar da aka zuƙe wa iska, a gasa shi a digiri 125 na awa 24, a ajiye wani faranti mai sanyin digiri 25 kusa da shi. In nauyinsa ya ragu da fiye da kashi 1 cikin 100, ko abin da ya sauka a farantin ya wuce kashi 0.1 cikin 100, ya faɗi. Waɗanda suka ci ma sau da yawa sai an sake gasa su kwana da kwanaki su amayar da abin da ke cikinsu tun a ƙasa.

Shi kuwa oksijin tilo maganinsa shi ne a ba shi abin da ya riga ya ƙoshi da oksijin. Manyan fukafukan solar tashar ƙasa da ƙasa a kan Kapton aka shimfiɗa su, amma an shafa masa silika siririya, kaurinta nanomita 130 ne, wato in ka raba milimita ɗaya kusan gida dubu takwas ka ɗauki ɗaya. Wannan 'yar fatar ce take tsare shi. Sai dai fa ko'ina aka samu ɗan ƙarcewa ko hudar da ƙura ta bari lokacin shafawa, oksijin zai shiga ta nan ya yi ta ƙwaƙular ledar ta ƙarƙashi, kogo ya yi ta faɗi a ɓoye saman yana nan lafiya, har ranar da zai rufta. An ga haka a tashar kanta, a murfin akwatin da aka naɗo faifan sola a ciki, Kapton ne da aka shafa wa alminiyam ciki da waje, oksijin ya shiga ta ƙananan huda ya rasa hanyar fita ya yi ta yawo tsakanin fatun biyu yana ci, cikin shekara guda aka gan shi a yayyage.

Abin mamaki, wannan ɓarnar an juya ta ta zama amfani. Tunda oksijin tilo yana cin kabon ya ƙyale launukan fenti da aka yi da ƙarafa, wasu masu bincike biyu a cibiyar NASA ta Glenn da ke Cleveland, Bruce Banks da Sharon Miller, suka yi amfani da shi wajen goge baƙin hayaƙi daga zanen da gobara ta lalata ba tare da an taɓa zanen da hannu ba. Har jan-bakin da wata ta manna wa wani zanen Andy Warhol a gidan adana zanensa da ke Pittsburgh da shi suka cire.

Yanzu me ya sa nake ganin ya kamata mu damu? Na farko dai intanet ɗin Starlink da ya shigo Najeriya a 2023 daga taurarin da ke wajen kilomita 500 yake zuwa, cikin wannan iskar suke iyo. A Fabrairun 2022 kamfanin ya harba guda 49, guguwar rana ta kumbura iskar sama, kusan 40 suka kasa hawa suka faɗo suka ƙone. Wannan jan iska ne ya kayar da su ba cin jiki ba, amma iskar dai ita ce. Kuma masu harba taurari ƙasa-ƙasa suke ƙara sakkowa da su, domin kusa da ƙasa hoto ya fi fita, saƙo ya fi sauri. Japan ta gwada da tauraronta Tsubame da ta harba a Disambar 2017, ya sakko har kilomita 167 a 2019, ɗauke da na'urar auna oksijin tilo da samfuran kaya da kyamara ke kallon yadda suke lalacewa. A irin wannan tsayin duk wanda bai san kayansa ba asara zai tafka.

Na biyu, mu ma mun taɓa saka ƙafa a wurin. Ɗan ƙaramin tauraron Nigeria EduSat-1, santimita 10 ta kowane gefe, wanda jami'ar fasaha ta tarayya da ke Akure ta shiga aikinsa tare da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, daga tashar ƙasa da ƙasa aka sake shi a Yulin 2017 tare da na Gana da Mongoliya da Bangladash, ya yi zagayensa har 2019 ya faɗo. Irin waɗannan ƙananan taurarin su ne ƙofar da jami'o'inmu za su iya shiga, kuma daidai tsakiyar oksijin tilo ake sakinsu. Amma in ka zauna da matasanmu masu sha'awar fannin, kowa maganar kwamfuta da rubuta manhaja yake yi, da wuya ka ji mai cewa shi fenti ko gam zai karanta. Ni kuwa a ganina ɗalibar kimiyyar sinadarai da ɗalibin da ke karanta ƙarafa da robobi suna da gurbi babba a nan, kuma ba sai sun mallaki roka ba.

Hujjata ita ce gwajin MISSE. Tun watan Agustan 2001 ake maƙala wasu akwatuna a bayan tashar ƙasa da ƙasa, a buɗe su samfuran kaya su sha rana da oksijin, daga baya a rufe a dawo da su. Na farkon shekara ɗaya aka shirya musu, hatsarin Columbia na 2003 ya sa suka yi kusan huɗu, sai 2005 aka ɗauko su. A cikinsu akwai wani tire mai samfura 41 na robobi daban-daban, kuma 'yan matan wata makarantar sakandare a jihar Ohio mai suna Hathaway Brown suna cikin waɗanda suka shirya su tare da masu binciken Glenn, suka auna nauyin kowanne kafin tafiya da bayan dawowa. Alƙaluman da suka fito daga wannan awon masu ƙera taurari suna aiki da su har yau.

A ƙasa ma ana kwaikwayon oksijin tilo a ɗakin gwaji, a zuƙe iska daga tukunya a saka oksijin kaɗan a farfasa shi da wutar lantarki. Duk abin da za a gwada sai an ajiye guntun Kapton kusa da shi, domin shi ne aka san adadin da ake cinsa a sama tun zamanin Shuttle da LDEF, da raguwar nauyinsa ake gane yawan oksijin ɗin da samfurin ya sha. Sai dai wasu kayan, irin su Teflon, a tukunyar gwaji sun fi saurin cinyewa fiye da yadda suke yi a sama, shi ya sa har yanzu ake ci gaba da aika sababbin samfura tashar ana dawo da su ana ɗorawa a sikeli.